*TSOHUWAR MAGENKA TA RAME, TANA TA SHAN RUWA? KAR KA JEFAR DA ITA, KAR KA ƊURA MATA MAGANINKA*



 Yau darasinmu a kan mage yake. Na san wani zai ce, "Malam, mutane na fama da kansu, kai kana zancen kyanwa?" Ka yi haƙuri ka karanta zuwa ƙarshe, zan ba ka amsa.

Tambayar ta fi zuwa ne daga 'yan uwanmu na Kwanyawa da sauran garuruwan Karaye da Rogo, inda gidaje da yawa ke da rumbu ko ɗakin ajiyar masara da dawa, kuma mage ce mai gadinsu. Ga yadda tambayar take zuwa: magen gida ta tsufa, ta rame, ba ta son abinci, kullum tana gindin randa tana lasar ruwa, fitsari ba ƙaƙƙautawa. Wane haɗi za a ba ta? Man habbatus sauda ko tafarnuwa?

Amsata a taƙaice: kada a ba ta ko ɗaya. Waɗannan alamu a tsohuwar mage sun fi nuna ciwon ƙoda mai daɗewa. Wannan ciwo ba ya warkewa, amma ana iya rage masa gudu, dabbar ta ƙara watanni ko shekaru cikin sauƙi. Abubuwa biyu da muka saba yi, wato ɗura mata maganin mutane, ko a sa ta a buhu a kai ta bayan gari, dukansu kuskure ne, na biyun kuma akwai alhaki mai nauyi a cikinsa.

*ME YAKE FARUWA A CIKIN JIKINTA?*

Ƙoda matata ce. Tana tace jini, ta fitar da datti ta fitsari, ta mayar wa jiki ruwan da yake buƙata. Tana kuma daidaita gishirin jiki da hawan jini, tana ba ɓargo umarnin ƙera jini. A cikin kowace ƙoda akwai dubban ƙananan matatai. Wanda ya mutu a cikinsu ya tafi ke nan, ba ya sake tsirowa, sai ragowar su ɗauki aikinsa.

Shi ya sa ciwon yake da ɓoyo. Sai kusan kashi biyu cikin uku na matatan sun lalace kafin fitsari ya fara tsinkewa kamar ruwa, sai kusan uku cikin huɗu sun tafi kafin dattin ya taru a jini yadda gwajin da aka saba yi zai nuna. Ka ga ke nan ranar da ka lura, ciwon ya daɗe yana aiki.

Ka lura da wannan da kyau, domin a nan mutane ke ruɗewa: ba yawan shan ruwan ne ke sa ta yawan fitsari ba. Ƙodar ce ta kasa riƙe ruwa, yana zuba, ita kuma tana sha don ta cike giɓin. Wanda ya ce "a rage mata ruwa don ta daina ɓata tsakar gida", wallahi yana gaggauta ajalinta ne bai sani ba.

Ciwon ya yi yawa a tsofaffin maguna a duk duniya. Likitocin dabbobi sun kiyasta cewa kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na magunan da suka haura shekara 10 suna ɗauke da shi. Mage mai shekara 10 kamar mutum ne ɗan shekara 56, mai shekara 15 kuwa kamar dattijo ɗan 76. Don haka ba maita ba ce, ba kambun baka ba ne, ba kuma aljani ne ya shige ta ba. Tsufa ne da lalacewar gaɓa, irin wanda ke samun iyayenmu.

*ALAMOMIN DA ZA KA DUBA*

▪️ Yawan shan ruwa da yawan fitsari, fitsarin fari ba wari sosai.
▪️ Rama, har ka ji ƙashin bayanta in ka shafa.
▪️ Ƙin abinci, ko ta sunsuna ta juya, da amai jefi-jefi.
▪️ Gashi ya hargitse don ta daina lasar jikinta.
▪️ Warin baki mai kama da na fitsari, wani lokaci da gyambo a harshe ko dasashi.
▪️ Dasashi ya yi fari saboda ƙarancin jini.
▪️ Wuya ya sunkuya ƙasa ta kasa ɗaga kai, alamar sinadarin fotasiyam ya yi ƙasa.
▪️ Makanta farat ɗaya, tana karo da bango, baƙin idon ya buɗe. Wannan hawan jini ne, kuma a yini ɗaya ko biyu ido zai iya tafiya gaba ɗaya in ba a yi sauri ba.

Mage tana binne fitsarinta, don haka ba za ka gane yawansa ba sai ka zuba mata yashi a tsohuwar roba ka ajiye a lungu. Kullum da safe ka duba girman inda ya jiƙe.

Amma fa alamu kaɗai ba sa yanke hukunci. Ciwon suga ma yana kawo rama da ƙishirwa, har ka ga kiyashi na bin fitsarin. Akwai kuma ciwon wata gaɓa ta maƙogwaro da ke sa tsohuwar mage ta ci da yawa amma tana ramewa. Kowanne maganinsa daban. Gwajin jini da na fitsari ne ke rabewa.

Abu biyu ba sa jiran gobe. Na farko, muzurun da ke tsugunawa yana nishi fitsari ba ya fita: mafitsara ce ta toshe, cikin kwana biyu zuwa uku zai iya mutuwa. Na biyu, magen da ta canza hali kwatsam, tana dalalar da miyau, tana cizo ba dalili: kar ka sa hannu a bakinta da sunan duba gyambo, domin ciwon haukan kare yana kama mage. In ta ciji wani ko ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a tafi asibiti a ranar.

*GASKIYAR MAGANA: KWANA NAWA YA RAGE MATA?*

Rai a hannun Allah yake. Amma akwai abin da masana suka auna, kuma sanin sa zai hana a yaudare ka.

Akwai ƙungiyar likitocin ƙodar dabbobi ta duniya da ake kira IRIS. Ta raba ciwon mataki huɗu bisa yawan wani datti a jini mai suna kiriyatinin. A ma'aunin miligiram, ƙasa da 1.6 mataki na ɗaya ne, 1.6 zuwa 2.8 na biyu, 2.9 zuwa 5.0 na uku, sama da 5.0 na huɗu.

Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2008 ya bi magunan da aka gano da ciwon. Waɗanda aka gano a ƙarshen mataki na biyu, rabinsu sun wuce kwana 1,151, wato sama da shekara uku. Na mataki na uku, kwana 778, sama da shekara biyu. Na mataki na huɗu, kwana 103 kacal. Waɗannan maguna ne da ke ganin likita a kai a kai, don haka kar mu ɗauka lissafin zai zo daidai a ƙauyukanmu. Darasin dai a fili yake: tsakanin shekara uku da wata uku, bambancin shi ne lokacin da aka gano.

Wani binciken a Ingila a shekarar 2000 ya kwatanta abinci. Magunan da suka karɓi abinci na musamman mai ƙarancin sinadarin fosfaros, matsakaicin abin da suka rayu kwana 633 ne. Waɗanda suka ci gaba da abincinsu na da, kwana 264. Abinci kawai, ya ninka kwanakin fiye da biyu.

Wankin ƙoda da dashen ƙoda fa? Ana yi wa mage a ƙasashen waje. An fara dashen a Jami'ar Kalifoniya da ke Debis a 1987. Amma kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin mutanen can ma, balle mu. Wannan ba hanyarmu ba ce, kuma ba a ɗora maka ita ba.

Sai dai a bambance da ciwon ƙoda na farat ɗaya, wanda guba ko magani ko tsananin rashin ruwa ke kawowa. Jiya lafiya lau, yau ta kwanta. Shi wannan in an yi saurin ƙarin ruwa a asibiti, ƙodar tana iya farfaɗowa.

Duk wanda ya ce maka yana da garin magani ko jiƙo da zai mayar da matacciyar ƙoda sabuwa, ta mage ko ta mutum, ka riƙe kuɗinka.

*ABIN DA KE MAGANI GARE KA, GUBA NE GARE TA*

A nan ne nake son masu bin wannan zaure su buɗe kunne, domin mu ne muka fi yawan ajiye kayan magani a gida.

Hantar mage ba ta da isasshen abin da hantar mutum ke amfani da shi wajen narkar da magunguna da yawa. Haka Allah ya halicce ta. Abin da jikinka zai fitar cikin sa'o'i, a jikinta taruwa yake yi.

❌ *Farasitamol.* Ƙwaya ɗaya ta manya tana iya kashe mage. Tana ɓata jini, dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura, numfashi ya gagara.

❌ *Maganin ciwon jiki* irin su ibufurofen da daikulofenak. Kai tsaye ƙoda suke bugawa, ga gyambon ciki.

❌ *Allurar jentamaisin* da ake saye a kemis a yi wa kaji da awaki. Ta shahara da illata ƙoda, musamman in jiki ba ruwa.

❌ *Tafarnuwa da albasa,* ɗanye ko dafaffe ko gari. Suna farfasa ƙwayoyin jinin mage. Ita da ma jininta ya yi ƙasa saboda ƙoda, ka ga an ƙara wa Barno dawaki.

❌ *Mai masu ƙarfi* irin man kanumfari, man na'ana'a, man kirfa da man turare. Ko a fata ka shafa, za ta lashe.

❌ *Kanwa, gishiri da dunƙulen ɗanɗano.* Ƙodar da ta gaza ba ta iya daidaita su.

❌ *Fiya-fiya da maganin feshin gona.* Kar a wanke ta da su don ƙuma ko kaska. A kuma kula da maganin ɓera, domin in ta ci ɓeran da ya ci guba, ita ma ta ci.

❌ *Ruwan sanyaya injin mota,* mai launin kore ko ja. Ƙaramin cokali ɗaya ya isa ya kashe ƙodar mage. Direbobi da makanikai, a goge in ya zuba.

To habbatus sauda fa, wadda hadisi ya yabe ta? Ba mai musun falalarta. Amma malamai tun da sun yi bayani. Ibnu Hajar a Fathul Bari ya nuna cewa amfani da ita yana bin yanayin cuta da gwargwado da yadda aka haɗa, ya kuma kawo maganar Khaɗɗabi cewa lafazin na gama-gari ne amma ana nufin wasu cututtuka. Ibnul Ƙayyim a Zadul Ma'ad ya ware fasali guda a kan neman likitan da ya fi ƙwarewa. Akwai kuma hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito, mai nuna cewa wanda ya shiga yin magani ba tare da an san shi da ilimin ba, shi ke da alhakin ɓarnar da ta biyo. Ɗura wa mage mai amai cokalin mai, da ƙarfi, yana iya sa man ya bi ta huhu. Wannan ba bin sunna ba ne, ganganci ne.

Zuma ma haka. Mage ba ta ma jin ɗanɗanon zaƙi, harshenta ba shi da wannan. Zuma ba za ta gyara ƙoda ba, in kuma ashe suga ne ke damunta, ka ƙara mata ciwo.

*ABIN DA ZA KA IYA YI, KO BA KA DA KO SISI*

*1. Ruwa.* Shi ne rabin jinyar. Asalin magen gida daga magen daji ta ƙasashe masu zafi da ƙarancin ruwa take, shi ya sa ba ta da yawan jin ƙishirwa, ta saba samun ruwanta a jikin abin da ta kama. Ɓera kusan kashi 70 cikin 100 na jikinsa ruwa ne. Lafiyayyar mage mai kilo 4 tana buƙatar kusan mililita 200 a yini, har da na cikin abinci. Mai ciwon ƙoda ta fi haka. Ka ajiye ruwa wuri uku ko huɗu a inuwa, a faffaɗan kasko don gashin bakinta kada ya riƙa taɓa gefe. Kasko ya fi roba riƙe sanyi. A canza safe da yamma. Kar a ajiye kusa da yashin fitsarinta. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a ƙasar Kano, nan ne irin waɗannan maguna suka fi faɗuwa. Kada a rufe ta a ɗakin kwano ko a shagon hatsi da rana.

*2. Abinci mai laushi da ruwa-ruwa.* Abokin gabar ƙodarta shi ne fosfaros, kuma ya fi yawa a ƙashi, da busasshen kifi mai ƙaya, da hanta da kayan ciki, da madara da gwaiduwar ƙwai. Mu nan kusa da madatsar ruwan Challawa kifi ba ya wuya, kuma kan kifi da ƙayarsa muka saba jefa mata. Ga lafiyayya ba laifi, ga mai ciwon ƙoda a rage sosai. Abin da ya fi: tsokar kaza ko ta kifi da aka dafa a ruwa zalla aka tsame, domin dafuwa tana fitar da wani ɓangare na fosfaros cikin ruwan. A haɗa da dafaffen farin ƙwai, da ɗan kitsen kaza, da 'yar shinkafa mai laushi kaɗan, a zuba ruwan ɗumi a dama. Cokali ɗaya na romon a cikin kaskon ruwanta ya isa ya jawo ta ta sha.

Uwargida, ki cire nata tun kafin ki sa albasa da gishiri da kayan miya. Sauran tsire da kilishi da kifin gwangwani ba nata ba ne yanzu. Kar kuma a ce tunda nama na da matsala a mayar da ita kan tuwo zalla. Mage maciyar nama ce, akwai sinadaran da ba ta samu sai a nama, rashinsu na taɓa zuciya da ido. Wannan haɗin gida taimako ne, bai kai abincin ƙoda na musamman da ake shigowa da shi ba. Wanda ke da hali ya tambayi likita a kan wancan, a kuma sauya a hankali cikin mako biyu zuwa huɗu.

*3. Kada ta zauna da yunwa.* In ta ƙi sabon abincin, ba ta wanda take so. Magen da ta yi kwanaki ba ci, kitse yana taruwa a hantarta, ciwo ya zama biyu. Kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar, da ɗan ɗumi don ƙanshi ya tashi. A raba ta da kaji da sauran maguna lokacin ci. Ba a ɗura mata da ƙarfi.

*4. Makwanci.* Tsohon zani a kwali, a wurin da ba hayaniya. Lokacin hunturu a kusa da ɗumi, domin ramammiya ba ta riƙe zafin jiki. A ja wa yara kunne.

*5. Tsafta.* Ciwon ƙodarta ba ya yaɗuwa zuwa mutum. Amma kashin mage na iya ɗaukar wata ƙwayar cuta mai illa ga ɗan tayi, don haka mai juna biyu kada ta kwashe yashin. Wani ya kwashe kullum, ya wanke hannu da sabulu.

*6. Likita.* Fara da malamin dabbobi na sashen noma a ƙaramar hukumarku. In ana buƙatar gwajin jini, akwai asibitin dabbobi na Gwale a cikin Kano, akwai kuma asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wanda mutanen Rogo ya fi musu kusa. Ka nemi a duba kiriyatinin da fosfaros da kaurin fitsari, da hawan jini in akwai na'urar. Likita na iya koya maka ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata, ya ba da maganin amai, da mai buɗe ciki, da mai kama fosfaros a hanji, da amlodifin in jini ya hau. Shi zai auna gwargwado da nauyinta. Kar ka ɓallo daga cikin na Baba ka ba ta. In za ka tafi da ita, sa ta a kwando ko kwali mai ƙofofin iska, ba a buhu ba.

*"MUTANE MA BA SU SAMU BA, SAI MAGE?"*

Yanzu ga amsar da na yi alkawari. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Akwai gidajen da ke sayar da gona don kai ɗan uwa wankin ƙoda Asibitin Malam Aminu Kano. In kuɗinka ɗaya ne, ga ɗanka ba lafiya ga mage, ɗanka ne gaba, ba mai jayayya. Ban ce ka ci bashi don kyanwa ba.

Amma duba jerin da ke sama. Ruwa a kasko nawa ne? Inuwa nawa ce? Cire ɗan nama kafin a sa albasa nawa ne? Hana kanka ba ta farasitamol ma ai kuɗinka ka adana. Mafi yawan abin da take buƙata kulawa ce. Talauci zai iya hana ka zuwa Zariya, amma ba shi ke ɗaure bakin buhu ba.

Ka tuna aikin da ta yi maka. Shekara goma tana kwana a bakin rumbu. Buhu nawa na masara ta tsare? Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa ajiye mage cikin hanyoyin rage ɓerayen da ke yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969. Ta yi maka gadi ba albashi. Yau da ƙarfinta ya ƙare, sakamakonta a ɗauke ta a babur a yar a dajin da ba ta san hanyar ruwa ba? Magen da ƙodarta ke zubar da ruwa, in ka jefar da ita a bazara, ƙishirwa ce za ta kashe ta, sannu a hankali. Mu daina kiran wannan "na sake ta ta nemi abincinta".

Kowa a cikinmu ya san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, na matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta bar ta ta nema ba har ta mutu. Mun san na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, inda aka sanar da sahabbai cewa akwai lada a kyautata wa duk mai rai. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ake karantawa a zaurukanmu, Abu Ƙatada ya karkata wa mage ƙwaryar ruwan alwalarsa har ta sha ta ƙoshi. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi, da 'yar kyanwa ake masa alkunya. A tarihi kuma, Sarki Zahir Baibars da ya mulki Misra daga 1260 zuwa 1277 ya yi waƙafin lambu a Alƙahira don ciyar da magunan da ba su da masu su. Kula da mage ba al'adar Turawa ba ce da muka aro. Gadonmu ne muka yi sakaci da shi.

Kuma yaranka suna kallo. Yaron da ya ga an jefar da tsohuwar mage don ta daina amfani, ya koyi wani abu game da tsufa, kuma kai ma tsufan kake nufa.

*IDAN ƘARSHE YA ZO*

Akwai ranar da jinya ba za ta ƙara komai ba. Za ka ga ta daina ci da sha kwata-kwata, amai ba tsayawa, ta kasa tsayuwa, jiki ya yi sanyi, wani lokaci da jijjiga. A nan aikinka shi ne sauƙaƙa mata: wuri mai laushi, a jiƙa mata baki da auduga, a juya ta, a kore ƙuda.

Shin ya halatta a hutar da ita? Malamai sun saɓa. A mazhabarmu ta Malikiyya, Mukhtasar na Shehu Khalil ya halatta yanka dabbar da ba a cin namanta idan an yanke ƙauna da rayuwarta, don a hutar da ita. Wasu malaman, musamman Shafi'awa, sun hana. Likitocin dabbobi suna da allurar da ke sa dabba barci ta wuce ba tare da jin zafi ba. Ka haɗa biyu: likita ya tabbatar maka ba sauran fata, malaminka ya ba ka fatawa. Abin da ba mai halatta shi shi ne duka da sanda, ko jefawa a rijiya ko kududdufi, ko ba ta guba, ko barin yara su jefe ta. In ta mutu a haƙa rami mai zurfi a binne, nesa da rijiya.

*KAI MA KA DUBA TAKA ƘODAR*

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Magungunan ciwon jikin nan da na ce suna kashe ƙodar mage, su ne manomi ke haɗiya uku-uku bayan ya wuni a gona cikin rana bai sha ruwan kirki ba. Su ne ke cikin haɗin "gajiya" da ake ƙullawa a leda. Ƙodar mutum ma shiru take lalacewa, kuma manyan masu cinye ta su ne hawan jini da suga. In ka haura shekara 40, ko kana da ɗaya daga cikin biyun nan, ka je a auna jininka, a gwada fitsari da kiriyatinin ko sau ɗaya a shekara. Ka guji duk jiƙon da ba ka san abin da ke cikinsa ba, ko da an rubuta masa sunan Larabci a jikin kwalba.

Yau kafin magariba, ka duba inda magen gidanku take shan ruwa. In babu, ka ajiye mata.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah ya sa mu zama masu tausayin abin da ke ƙarƙashinmu, ya yafe mana abin da muka yi cikin rashin sani. Wallahu a'alam.

A tura wa 'yan uwa, musamman masu rumbu da masu shagon hatsi.

Wassalamu alaikum warahmatullah.